Lord Shaftesbury: mai tausayin talaka ne, ko mai gudun kada talaka ya yi baki?

Malam Nasiru: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda an ce wannan makon ni zan kawo mana mutum, ga wanda na ɗauko: Anthony Ashley-Cooper, Earl na bakwai na Shaftesbury. An haife shi a Landan a 1801, ya rasu a 1885. Jinin sarauta ne gaba da baya, ubansa Earl, uwarsa 'yar Duke na Marlborough. Ya shiga majalisar wakilan Birtaniya a 1826 yana ɗan shekara 25. Da ubansa ya rasu a 1851 ya gaji sarauta ya koma majalisar masu sarauta, ya zauna can har ƙarshen ransa. Bai taɓa zama firaminista ba, an sha yi masa tayin kujera a majalisar ministoci yana ƙi. Amma a zamaninsa da wuya ka ga dokar da ta fitar da yara daga ramin kwal, ko ta rage wa mata awoyin aiki a masaƙa, ko ta kwance masu taɓin hankali daga mari, ba ka tarar da hannunsa a ciki ba. To wannan mutumin ne kuma ya tsaya kai da fata kada a faɗaɗa 'yancin jefa ƙuri'a. Tambayata ita ce, irin wannan za a kira shi masoyin talaka?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a shiga ciki, yaya aka yi ɗan sarauta ya zauna a majalisar wakilai? Na ɗauka tasu daban ce.

Barista Hauwa: Hajiya, mai riƙe da sarautar shi ne ke zama a majalisar masu sarauta. Ɗansa kuwa, muddin uban yana raye, a idon doka mutum ne kamar kowa, yana iya tsayawa zaɓe. Sunan Lord Ashley da ake kiransa da shi kafin 1851 na girmamawa ne kawai, kusan yadda ake ce wa magajin gida Ciroma. Kuma kujerar farko da ya samu, ta Woodstock, ba wani zaɓen kirki aka yi ba. Garin yana gindin fadar Blenheim, gidan kakanninsa na wajen uwa, wanda Duke ya nuna shi ake turawa. Duke na lokacin kuwa kawunsa ne.

Sadiq: Wato naɗa shi aka yi aka ce zaɓe.

Barista Hauwa: Kusan haka. Daga baya ya koma Dorchester a 1830, sai Dorset a 1831, inda ya sha takara ta gaske har ta bar shi da bashi. Abin da ya sa aka yi takarar da zafi kuwa, ya tsaya ne a matsayin mai adawa da ƙudurin gyaran zaɓe, wanda ya zama doka a 1832.

Baba Ilu: Ku bari Malam Nasiru ya fara gaya mana alherin mutum tukuna. Ba a fara auna hatsi da ƙaiƙayi.

Malam Nasiru: Allah ya ƙara girma Baba. Zan fara da abin da mutane suka fi mantawa da shi, wato gidajen masu taɓin hankali. A 1827 an sa shi cikin kwamitin da ya binciki yadda ake tsare matalautan da suka samu taɓuwa a Landan. A wani gida da ke unguwar Bethnal Green sun tarar ana ɗaure mutane tsirara a kan ciyawa tun daga yammacin Asabar har safiyar Litinin, saboda ma'aikata su huta. In Litinin ta yi a kwara musu ruwan sanyi. Jawabinsa na farko mai muhimmanci a majalisa, a 1828, a kan wannan ne. Da aka yi dokar 1845 aka kafa hukumar da ke zagaya irin waɗannan gidaje, shi ya shugabance ta har ya mutu. Shekara arba'in. Babu ƙuri'a ko ɗaya a wannan aikin, babu mai tafa maka.

Sai maganar masaƙu. Mutumin da ya fara ɗauko ƙudurin awa goma, wato kada aikin yara a masaƙa ya wuce awa goma a rana, shi ne Michael Sadler, amma ya faɗi zaɓe a 1832, sai masu fafutukar suka zo wurin Ashley a 1833 suka roƙe shi ya karɓa. A lokacin bai san komai game da masaƙa ba, mutumin kudu ne, masaƙun kuwa suna arewa, Lancashire da Yorkshire. Gwamnati ta ƙwace maganar ta fitar da tata dokar a 1833: kada a ɗauki yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙar auduga da ta ulu, ɗan 9 zuwa 13 kada ya wuce awa 48 a mako, ɗan 13 zuwa 18 kada ya wuce awa 12 a rana. Aka naɗa sufetoci huɗu su duba ƙasar baki ɗaya. Ba abin da yake so ke nan ba, amma ya ci gaba da dawowa da maganar shekara bayan shekara.

Aminu: Malam, sufeto huɗu? Duk ƙasar?

Malam Nasiru: Huɗu. Amma ka lura, kafin nan dokokin da aka yi babu wanda aka ɗauka aiki musamman don ya bi sawunsu. Waɗannan huɗun su ne mafarin abin.

Hajiya Rabi: Ni na ma'adinan kwal nake son ji, don shi na taɓa jin labarinsa sama-sama.

Malam Nasiru: Shi ne ya fi girgiza mutane, Hajiya. A 1838 ruwan sama ya cika wani ramin kwal a Silkstone, kusa da Barnsley, yara 26 suka nutse. A 1840 Ashley ya sa aka kafa hukumar bincike kan aikin yara, rahotonta ya fito a 1842, kuma abin da ya bambanta shi da sauran rahotanni shi ne an sa zane a ciki. Mai karatu ya ga mace da ɗamara a ƙugu, sarƙa ta bi tsakanin ƙafafunta, tana rarrafe tana jan kwal a rami mai ƙunci. Ya ga yaro ɗan shekara biyar ko shida zaune a cikin duhu shi kaɗai, aikinsa buɗe ƙofar iska da rufewa, awa goma sha biyu. A watan Yunin 1842 ya tashi a majalisa ya yi jawabi a kai, ƙudurin ya wuce majalisar wakilai cikin sauƙi. A majalisar masu sarauta ne aka ci karo, domin can masu ramukan suke zaune. Lord Londonderry, mai manyan ramukan kwal a Durham, shi ya ja adawar. Ashley ya nemi a hana yara maza 'yan ƙasa da 13, dokar da ta fito ta tsaya a kan 10. Mata kuwa, manya da yara, aka hana su shiga ƙarƙashin ƙasa gaba ɗaya.

Barista Hauwa: A nan nake da magana. An hana matan, an gode. Wa ya tambaye su? Akwai zawarawa da masu ciyar da iyaye tsofaffi, musamman a Sikotilan, da wannan aikin ne kaɗai abincinsu. Dokar ba ta tanadar musu komai ba. Wasu suka riƙa sa kayan maza suna komawa rami a ɓoye. A 1843 har ƙuduri aka kawo majalisa na a bar manyan mata su koma, aka kayar da shi. Kuma in kun duba abin da ya fi tayar wa masu karatun Landan hankali a rahoton, ba nauyin kwal ba ne, ganin mata cikin wando suna aiki tare da maza tsirara ne.

Baba Ilu: 'Yata, to da a bar su a ramin?

Barista Hauwa: A'a Baba, ban ce haka ba. Cewa nake yi halinsa ke nan a ko'ina: ya yanke abin da ya dace da kai, ya yi maka shi tsakani da Allah, amma ba ya ganin kana da ta cewa. Amsar tambayar Malam Nasiru tana nan.

Sadiq: Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ma daban ne. Mutum yana ta tona asirin masu masaƙa a arewa, alhali manoman da ke aiki a gonakin gidansu a Dorset suna cikin waɗanda suka fi kowa talauci a Ingila. Su Cobden da Bright, masu yaƙi da harajin hatsi, da wannan suka riƙa dukansa. Kuma ku tuna 1834, manoma shida na ƙauyen Tolpuddle da aka yanke wa shekara bakwai a Ostireliya saboda sun yi rantsuwar kafa ƙungiya lokacin da ladansu na mako ya sauko sule bakwai. Tolpuddle a Dorset yake. Wa ke wakiltar Dorset a lokacin? Ashley. Wa ke ministan cikin gida da ya ba da goyon bayan a gurfanar da su? Lord Melbourne, kawun matarsa. An yi musu afuwa a 1836, amma ba shi ya ja gaban neman afuwar ba.

Malam Nasiru: Sadiq, gaskiya ka faɗa, sai dai ka bar rabi. Gonakin ba nasa ba ne kafin 1851, na ubansa ne, kuma tsakaninsa da uban babu daɗi ko kaɗan. An yi shekaru ba ya taka gidansu na gado, St Giles. A 1843 ya tsaya a gaban taron masu gonaki a Sturminster, cikin mazaɓarsa, ya gaya musu halin da ma'aikatansu ke ciki abin kunya ne, wannan ya ƙara ɓata shi da uban. Da ya gaji gidan ya tarar da bashi mai nauyi da bukkoki da suka lalace. Ya fara gina sababbin gidaje, ya sayar da zanuka na gado don ya samu kuɗi, sannan wakilin da ya damƙa wa gonakin ya yi shekaru yana cinsa. Mutum ne da bai iya riƙon dukiya ba. Wannan aibi ne, amma ba munafunci ba ne.

Hajiya Rabi: Me ya haɗa shi da uban haka?

Aminu: Hajiya, tun yana yaro ne. Iyayen ba su nuna masa ƙauna ba, shi da kansa ya riƙa faɗa har tsufansa. Wadda ta raine shi wata mai aikin gidansu ce, Maria Millis, ita ta koya masa addu'a da karatun Baibul. Ta rasu yana ƙarami a makarantar kwana, ta bar masa agogonta, ya riƙe shi har mutuwarsa. Daga nan makarantar Harrow, sai jami'ar Oxford. Ina ganin duk wanda zai fahimci mutumin nan sai ya fara da addininsa. Kirista ne mai tsananin riƙo, yana ganin za a tambaye shi a kan kowane yaro. Matsayinsa na ɗan sarauta a wurinsa amana ce.

Barista Hauwa: Madalla Aminu, ka kawo mu wurin. Amana ce a hannunsa, shi ya sa ba ya son a karɓe ta daga hannunsa. Ya yi adawa da gyaran zaɓe na 1832. Ya yi magana a kan na 1867, wanda ya ba ma'aikatan birane da yawa ƙuri'a. Ya ƙi ƙuri'ar sirri a 1872. Ƙungiyoyin ƙwadago ba ya ƙaunarsu. Ko makarantun yaran titi da ya shugabanci ƙungiyarsu tun 1844, waɗanda ya fi alfahari da su, da gwamnati ta kawo dokar ilimi ta 1870 ta fara gina nata makarantu, baƙin ciki ya yi, don yana ganin za a raba karatu da addini.

Baba Ilu: Ni dai tsoho ne, amma bari in tambaye ku. Waɗanda suka ci zaɓe da ƙuri'ar sababbin masu zaɓe bayan 1832, ba masu masaƙun ne da abokansu ba? John Bright da Sadiq ya ambata, mai son a faɗaɗa 'yancin ƙuri'a, ba shi ne ya yi adawa da dokar awa goma ba, kuma gidansu masu masaƙa ne a Rochdale? To ga mai son ƙuri'a yana ƙin rage wa yaro aiki, ga mai ƙin ƙuri'a yana rage masa. Yaron da ke tsaye gaban inji wanne zai zaɓa?

Sadiq: Baba ka ɗaure ni a nan, amma ba duka ba. Ai a 1850 ma'aikatan da kansu sun ce ya ci amanarsu.

Hajiya Rabi: Wace amana kuma?

Malam Nasiru: Labarin yana da ɗan tsawo. A 1844 ya yi nasara a ƙuri'ar awa goma a majalisa, sai gwamnatin firaminista Robert Peel, ta jam'iyyarsa, ta yi barazanar sauka, 'yan majalisa suka janye. A 1846 ya sauya ra'ayi ya goyi bayan soke harajin hatsi, kuma tunda manoman Dorset sun zaɓe shi ne don ya kare harajin, sai ya ajiye kujerarsa. Saboda haka lokacin da dokar awa goma ta wuce a 1847, ba ya cikin majalisa. John Fielden ne ya kai ta gaci. Ya dawo a wannan shekarar ta mazaɓar Bath. Masu masaƙa kuma suka gano dabara: tunda doka ta bar tazara mai faɗi, daga biyar da rabi na safe zuwa takwas da rabi na dare, sai su riƙa shigo da mata da matasa kashi-kashi, inji na ta aiki, sufeto ba zai iya ƙirga awoyin kowa ba. Kotu ta ce dabarar ba ta saɓa doka ba. A 1850 Ashley ya amince da sulhu: aiki daga shida na safe zuwa shida na yamma da hutun cin abinci, awa goma da rabi ke nan, Asabar a tashi ƙarfe biyu. An toshe dabarar, an ƙara rabin awa. Kwamitocin ma'aikata suka yi masa ca, Richard Oastler, jigo a fafutukar awa goma, da suka yi shekaru suna tafiya tare ya juya masa baya.

Barista Hauwa: Kuma ya amince ne kafin ya samu yardarsu. Sulhun ƙila shi ne daidai, ni ma da ina wurin wataƙila in karɓa. Amma rabin awar ba daga ransa za a cire ba.

Aminu: Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ina ganin ya fi shafar mu a nan. Falasɗinu. Tun kafin a haifi Herzl, jagoran fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, wannan mutumin yake kiran a mayar da Yahudawa can. Surukinsa shi ne Palmerston, wanda ya auri uwar matarsa a 1839, kuma shi ne ministan harkokin waje a lokacin. A 1838 Birtaniya ta naɗa ƙaramin jakada a Birnin Ƙudus. A 1840 Ashley ya rubuta wa Palmerston takarda a kan zaunar da Yahudawa a yankin, a shekarar ne kuma Palmerston ya umarci jakadansa a Istanbul ya kwaɗaitar da Sarkin Daular Usmaniyya a kan haka. A 1853 ya rubuta wa firaminista Aberdeen cewa yankin Sham ƙasa ce da ba ta da al'umma, ga kuma al'umma da ba ta da ƙasa. Shekara 64 ke nan kafin sanarwar Balfour ta 1917, inda Birtaniya ta goyi bayan samar wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu.

Hajiya Rabi: Inna lillahi. Mutumin da ya iya ganin yaro a cikin duhun rami, bai ga garuruwa cike da mutane ba?

Aminu: Bai taɓa zuwa can ba, Hajiya. Kuma abin mamaki, ba don ya ɗauki Yahudawa daidai da kansa ba ne. A 1847 ya yi adawa da a bar Bayahude ya zauna a majalisar Birtaniya, sai a 1858 Lionel de Rothschild ya samu zama. Ya kuma shugabanci ƙungiyar da ke wa'azin mayar da Yahudawa Kiristoci. A aƙidarsa komawarsu can sharaɗi ne na dawowar Annabi Isa, alaihis salam. Larabawan da ke zaune da Yahudawan da za a kai, duka ba a tambaye su ba.

Barista Hauwa: Ka ga abin da nake faɗa tun ɗazu. A Lancashire halin ya haifar da alheri, don abin da ya zaɓa wa yaran shi ne abin da iyayensu ke nema. Da ya kai hannu inda bai san mutanen ba, sai ya share su daga lissafi.

Malam Nasiru: Ban musa ba. Sai dai kada mu ɗora masa abin da ya faru a 1948 shi kaɗai, ra'ayin ya yaɗu a tsakanin irin Kiristocinsa a lokacin. Kuma a kan ƙasashen waje ba kullum yake gefen gwamnatinsa ba. A 1843, bayan yaƙin farko da aka yi da Sin, ya kawo ƙuduri a majalisa yana la'antar cinikin kayan mayen nan ofiyom, a lokacin da baitulmalin Indiya ke cin riba mai yawa daga ciki.

Sadiq: Ya yi nasara?

Malam Nasiru: Bai yi ba, Peel ya lallashe shi ya janye. Cinikin ya ci gaba har bayan mutuwarsa. Nasarar da ya gani da idonsa a ƙarshe ita ce ta yaran da ake cusa wa cikin bututun hayaƙi su share toka. An yi doka a 1840, an sake a 1864, duka ba su yi aiki ba, don masu gidaje da alƙalai su ne masu bututun. Sai a 1875, bayan wani yaro George Brewster ya mutu a bututun wani asibiti kusa da Cambridge, ya kawo dokar da ta ce sai mai sana'ar ya karɓi lasisi daga 'yan sanda. Yana da shekara 74 a lokacin. Wannan ce ta kashe al'adar.

Baba Ilu: Kuma talakawan Landan ba su yi masa kallon da Barista ke yi masa ba. Masu tura baro suna sayar da kayan lambu har jaki suka ba shi kyauta. Ranar da aka yi masa addu'ar jana'iza a majami'ar Westminster Abbey sun cika tituna. Gunkin nan mai fukafukai na dandalin Piccadilly Circus a Landan da aka kafa a 1893, don tunawa da shi aka yi.

Barista Hauwa: Baba, wanda aka yi wa alheri ai dole ya gode, ni ma ban hana ba. Ma'aikatan masaƙa na 1850 su ma talakawa ne, kuma ba jaki suka ba shi ba.

Sadiq: Malam Nasiru, in ba a riga an tsayar da na mako mai zuwa ba, a ba ni John Fielden. Mai masaƙa ne babba a Todmorden, ɗan majalisa daga Oldham, ya fara aiki a masaƙar ubansa tun yana yaro. Shi ya kai dokar awa goma gaci, kuma yana goyon bayan a ba kowane namiji baligi ƙuri'a. Ina son in ji yadda Baba zai yi da shi.

Baba Ilu: Ka kawo shi, ɗana. Amma ka zo da labarin yadda ya faɗi zaɓe a 1847, shekarar da dokar ta wuce.